Oddvar Mai 'Yantar da Itatuwa

Duk wanda ya ce ƙauyenmu na Skarli bai taɓa haifar babban mutum ba, to bai san Oddvar Moen ba. Allah ya yi mana baiwa da shi, mu kuwa da yake mutanen tsauni ne masu nauyin baki, ba mu iya yabonsa yadda ya kamata ba, sai bawan Allah ya ɗauke mana wannan nauyi yana yi da kansa. Dogo ne, mai furfura a taje, mai tafiya kamar ana ɗaukar hotonsa. Ya taɓa aikin gidan waya na shekara biyu a Oslo tun yana saurayi, kuma har gobe in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya fara gaya maka yadda mutanen Oslo suke duba agogo.

A nan Norway hatta faston coci sunansa ake kira gatsal. Oddvar ne kaɗai ya ga wannan ɗabi'a ba ta dace da shi ba, ya nemi a riƙa ce masa Shugaba, domin shi ne shugaban Kwamitin Ƙawata Gari. Kwamitin mutum uku ne: shi, da matarsa Gunvor, da Torleif mai motar ture dusar ƙanƙara, wanda sai da aka shekara sannan ya ji labarin yana ciki. A gaban idonsa Shugaba muke cewa, tunda faɗar ba ta ciwon baki. In ya juya baya kuwa, Ministan Furanni ne.

Ayyukansa ba sa ɓoyuwa. Shi ya kafa bencin nan ƙwaya ɗaya da ke dandalin gari, ya kuma juya shi ya ba tsauni baya yana kallon ƙofar gidansa, wai nan ne ya fi kyan gani. Shi ya hana a shanya kayan wanki a gefen titi, ban da rigunansa masu guga, waɗanda a ganinsa ado ne ga gari.

Abu ɗaya ne yake ci masa tuwo a ƙwarya: babu komai a Skarli mai sunansa. Gada tana da sunan wani fasto da ya mutu tuntuni. Ɗakin taro yana da sunan wata ungozoma. Kai, hatta wata saniya da ta taɓa maƙalewa a taɓo zamanin kakanninmu, ga fadama can ana kiranta da sunanta har yau. Oddvar yakan tsaya ya dubi fadamar nan ya yi ƙwafa. Matsalar ita ce a wurinmu mutum ba ya roƙon irin wannan da bakinsa. Wanda ya ce a sa wa abu sunansa ya gama yawo. Za a yi ta masa murmushi har ya mutu, amma ko ɗan kwikwiyo ba za a raɗa wa sunan ba. Dole sai wani ya miƙe a taro ya kawo shawarar, jama'a su ɗaga hannu. Don haka Oddvar ya daɗe yana neman aikin da girmansa zai buɗe bakin mutanen Skarli ƙarfi da yaji.

Ana nan sai ga maganar wilo.

Itacen wilo dai ba mu taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Shi ne kurmin nan mai toka-tokar ganye da ya cika bakin rafi da fadama da gangaren dutse, mai jiƙa wa mutum wando, mai ɓoye tumaki ranar da ake nemansu, gidan sauro da bazara. Mutanen kudu suna da itatuwan da ake zama a inuwarsu, mu namu tsallake su ake yi. Kunyar abin muke ji, kamar yadda muke jin kunyar hunturunmu da ba ya son ƙarewa. In baƙo ya tambayi sunan kurmin, sai mu ce ciyawa ce, mu canja magana.

Wata bazara wata malamar jami'a mai suna Ingunn ta zo daga birni da takalmin roba, ta yi makonni tana rarrafe a dutsenmu. Da za ta tafi ta tara mu a ɗakin taro. Mun je ne saboda an ce akwai kofi. Ta ce yawancin itatuwan duniya zafi suke so, shi ya sa in ka nufi ƙasashen rana ire-irensu suke ƙaruwa. Wilo kuwa bauɗaɗɗe ne. In ka nufi arewa, ko ka hau tsauni, inda sanyi da danshi suka yi yawa, a nan danginsa suke yawaita, suna kuma gajarcewa. Ta ce a kwarinmu kaɗai ta ga iri kusan ashirin. Akwai na bakin kogi da ya fi mutum tsayi, akwai na fadama iya ƙugu, akwai na gangare iya gwiwa. Sannan can ƙololuwa, inda ƙanƙara take kai wa tsakiyar bazara ba ta narke ba, akwai wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ganyensa kamar kunnen ɓera, amma cikakken itace ne.

Ashe muna da abin da mutanen kudu ba su da shi! Tsofaffin da suka tsufa suna sarar wilo suna zaginsa suka gyara zama, suna gyaɗa kai irin na waɗanda dama can sun sani.

Malama ta ci gaba da bayanin cewa kowane iri yana da mazauninsa, kuma ruwan ƙasa da zurfin ƙanƙara ne suke raba musu wuri. Amma wannan rabin Oddvar bai ji shi ba. Ya riga ya lumshe ido yana shirya jawabi. Tana rufe baki ya miƙe.

"Jama'ar Skarli! A madadin Kwamiti, ina taya kaina da ku murna. Tun ina Oslo nake faɗa, garin nan yana da arziki, rashin jagora ne kawai. Yau ga ilimi ya biyo sawuna. Amma ina tambaya: baƙo ya taso daga nesa, sai mu ce ya hau dutse da rarrafe kafin ya ga dukiyarmu? Ina! Za mu sauko da su duka, iri-iri, mu jera su a dandali, kowanne a layinsa kamar 'yan makaranta. Lambun da babu irinsa a ƙasar nan. Batun suna kuwa," ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai, "wannan ba nawa ba ne. Na bar wa jama'a."

Ingunn ta ɗaga hannu za ta yi magana, direban da zai kai ta tashar jirgin ƙasa ya danna hon a waje. Tana saɓa jaka ta ce masa, "Ka kira ni kafin ku taɓa komai." Ya ce ba damuwa. Bai kira ba, domin a ganinsa sallama ce kawai irin ta masana in za su rabu.

Ya kira gayya ranar Asabar. To, nan ne fa aka kama mu. Mutumin Skarli zai iya ƙin zuwa coci, zai iya ƙin zuwa bikin ƙanwarsa, amma ba ya ƙin gayya. Ko gayyar haƙa rami a sake cike shi ce, zai zo da sheburinsa, ya yi aiki ba ji ba gani, ya sha kofi, ya ci waina da cuku, sannan ya koma gida yana gunaguni a cikin mota inda ba mai ji. Haka muka hau dutse rututu, muka tono wilo babba da ƙarami, muka sauko da shi a buhuna da baro.

Oddvar bai taɓa shebur ba ranar, saboda dole a sami wanda zai ga aikin daga sama. Yana tsaye kan benci yana nuni da sanda. Ya sa aka zuba farar tsakuwa a dandalin, domin taɓo bai dace da inda manyan baƙi za su taka ba. Na fadama da na ƙololuwa da na bakin kogi duk aka dasa su a busasshiyar ƙasa ɗaya, an jera daga dogo zuwa gajere. A bakin lambun ya kafa allo fari tas, ba ko harafi a kansa, ya ce ranar buɗewa in bazara ta zagayo jama'a za su yanke abin da za a rubuta. Kullum da safe sai ya goge shi da hannun riga.

Ko akwai wanda ya ga abin bai yi ba? Kusan kowa. Mutanen da suka tashi suna bin tumaki a dutsen nan sun san inda kowane kurmi yake zama kamar yadda suka san gidajen maƙwabtansu. Amma mu ba ma gaya wa mutum kuskurensa a fuskarsa. Sai mu ja numfashi mu ce, "To, to," mu dubi sama mu ce da alama za a yi ruwa. Ɗan Skarli in ya ji an ce masa haka ya san an yi masa kaca-kaca. Oddvar, da yake ya zauna a Oslo, ya ɗauka amincewa ce.

Ƙanƙara ta fara zuba tun kaka ba ta gama sallama ba, kafin gari ya waye ta binne lambun. Oddvar ya fito ya ga wuri fari fat, allo kaɗai ke leƙe. Hankalinsa ya tashi, kuma gaskiya namu ma ya tashi. A Skarli ba a binciken asalin wanda ya zo neman aure, ƙofar gidansa ake dubawa da safe. In a share take har ƙasa, gefenta a miƙe, mutumin kirki ne. In ƙanƙara ta kwana biyu a kanta, ko dai ya mutu ko mashayi ne, kuma danginsa sun fi son a ce ya mutu. Tudun ƙanƙara a tsakiyar dandali abin kunya ne na gari duka. Da Oddvar ya ce a raba wa gidaje kwanaki, kowane gida ya share lambun in ranarsa ta zo, ba wanda ya yi musu. Hannuwanmu da kansu suke neman shebur.

Aslaug ce kaɗai ta ɗan gwada nusar da shi. Tsohuwar maƙwabciyarsa ce, ajinsu ɗaya tun suna yara, kuma ita ba ta taɓa ce masa Shugaba ba. Ranar da shara ta zo kan gidanta, ta dogara da shebur ta dube shi.

"Oddvar, wai can kan dutse wa yake share musu?"

"Yawwa, Aslaug! Kin taɓo inda nake so. Babu! Shi ya sa kika gan su haka. Kin taɓa tambayar kanki me zai sa itace ya tsaya iya ɗan yatsa? Danniya ce. Shekaru aru-aru ƙanƙara tana zaune a kansa, ba mai ce mata tashi. Ke a ɗora miki wannan kaya rabin shekara mu ga ko za ki yi tsayi. Ni 'yantar da su na zo yi. Ki ba ni shekara biyar, a inuwar wannan ɗan ƙaramin za ki sha kofi."

Aslaug ta dube shi, ta dubi ɗan tsiron da ke karkarwa a cikin tsakuwa. "To, to," ta ce, ta ci gaba da shara.

Abin takaicin, maganar ta shiga wasunmu. A kanti aka fara cewa ai kuwa da gaskiyarsa, wa ya taɓa gwadawa? Mutum in aiki ya sa masa ciwon baya, yana so a ce aikin yana da ma'ana. Kafin Kirsimeti gasa ta ɓarke tsakanin gidaje. Gidan su wane sun kankare har tsakuwa, washegari gidan su wance suka zo da tsintsiya. Torleif, da ya ga abin ya zama na kare mutunci, ya durƙusa yana kakkaɓe rassan ɗaya bayan ɗaya da buroshin fenti. Ba a taɓa ganin wuri mai tsabta irin wannan ba tun da aka kafa gari. Iskar dutse, irin mai tsaga leɓe, ta sauko ta sami itatuwan tsirara, ta yi ta kaɗa su wata da watanni.

Zomaye ma suka ji labari. Ko'ina abinci yana binne, sai ga wuri ɗaya an share an jera musu iri-iri. Oddvar ya ga sawunsu ya ce alama ce mai kyau, hatta namun daji sun shaida ingancin aikin. Da suka cinye layi biyu sai ya kira gayyar shinge, muka sake zuwa.

In ranar gidansa ta zo, Gunvor ce take fita. Shi yana tsaye a taga da kofi a hannu, yana ƙwanƙwasa gilashi in ta tsallake wani lungu. Nasa aikin ya fi nauyi, wato bin mutane yana shuka musu tunani. Wata rana ya tare Torleif a gidan mai.

"Torleif, allon nan fa yana damuna. Ina jin raɗe-raɗin wai a sa sunan mutum. Ni ban so ba."

"To a sa na gari mana, Shugaba."

"Abin da nake ta faɗa ke nan! Amma ka san halin jama'a in suka nace. Ba a ja da jama'a, Torleif. In ka ji wani yana son kawo shawarar yana jin nauyi, ka ƙarfafa masa gwiwa. Kai ma in ta zo maka, kada ka danne ta."

Babu gidan da bai kai wa wannan ƙin nasa ba. Ya ƙi a kanti, ya ƙi a bakin coci, har wurin jana'iza ya ja ɗan mamacin gefe ya ƙi.

Bazara ta zo, ƙanƙara ta narke, dutse ya yi kore shar. Wilon da ke cikin kwatar bayan gari, wanda ba wanda ya kula da shi, ya fitar da furanninsa masu laushi har ƙudan zuma suna rububi. Lambun dandali kuwa shiru. Oddvar ya ce wanda ya daɗe cikin bauta ba ya sabawa da 'yanci rana ɗaya, a ba su lokaci. Amma wata safiya ya sunkuya ya lanƙwasa wani reshe, ya ji ƙaras. Ya waiga hagu da dama, ya soke reshen cikin tsakuwa, ya miƙe yana fito. Kafin ya isa gida ya riga ya shawo kan kansa cewa wannan reshen dama can rago ne.

Ranar buɗewa gari ya cika. Mata sun sa kayan gargajiya, an kafa tutoci, makaɗan makaranta sun jeru da ƙahoninsu. Ga wakilin gunduma, ga Ingunn da aka gayyato a matsayin babbar baƙuwa, ga mai fenti a gindin allo yana jiran a yanke shawara. Oddvar ya yi jawabi mai tsawo, ya faro daga Oslo, ya bi ta kan tarihin danniya, ya sauka a kan tawali'u. Yana tsaka da shi Ingunn ta tsallake zaren da aka ɗaura, ta durƙusa, ta fara kankarar ɓawon itatuwan da farce, layi bayan layi. Da ta gama ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa.

"Wa ya riƙa share ƙanƙarar wurin nan da hunturu?" ta tambaya, muryarta a sanyaye.

Mu da muka kwashe hunturu muna shafa man zafi a baya, hannuwanmu suka fara motsi. Gunvor ma ta ɗaga nata rabi. Oddvar ya ga yabo yana shirin tarwatsewa a raba wa kowa da kowa, ga wakilin gunduma yana kallo, ga allo fari yana jira. Ya yi wuf ya sha gaba.

"Ni ne, Malama. Ba na son faɗa, amma tunda kin tambaya. Tunanina ne, tsarina ne, kuma hannuna ne. Ba dare ba rana. Jama'a sun ɗan leƙo, ba zan hana su ladansu ba, wani ya kawo kofi, wani ya tsaya kallo. Amma in ana batun wanda bai bar ƙanƙara ta kwana a kan itatuwan nan ba, ga shi a gabanki."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Hannun Gunvor ya sauka a hankali.

"To sannu da ƙoƙari," in ji Ingunn. "Babu mai rai ko ɗaya. Na fadama ƙishirwa ta raunana su tun kaka. Na dutse kuwa, ƙanƙarar nan ita ce bargonsu. A ƙarƙashinta suke kwana lafiya har sanyi ya wuce, shi ya sa ba sa yarda su fi ta tsayi. Da an bar su a rufe, da wasu sun tashi. Kashe wilo fa aiki ne, Oddvar. Sandarsa in ka soka a taɓo tsirowa take yi. Ban taɓa ganin mutumin da ya iya kashe dangin gaba ɗaya a hunturu guda ba."

Wani mai busa ya sauke ƙahonsa. Oddvar ya juyo gare mu, fuska ja wur, yana neman 'yan'uwa.

"Wato, in na ce ni kaɗai, ai ba ni kaɗai ba. Gayya ce. Torleif, ba kai ne da buroshi ba?"

"Haba, Shugaba!" Torleif ya cire hula ya riƙe a ƙirji. "Kada tawali'u ya sa ka rage wa kanka. Ni kallo na tsaya."

"Ni kofi na kawo," in ji wani daga baya. Wasu da yawa suka tuna su ma kofi suka kawo.

"Gunvor! Gaya musu."

"Ni me na sani?" in ji Gunvor. "Ai ina taga ina kallonka."

Wallahi ba mu taɓa jin sauƙi irin na ranar ba. Gari guda na masu kiwo, da suka san dutse ciki da bai, ya kwashe hunturu yana kashe itace da shebur da tsintsiya da buroshi, sannan a gaban malamar jami'a sai ga mutum ya miƙe da bakinsa ya ɗauke mana duka. Wannan ai sadaukarwa ce. Irinta ba a barinta babu sakayya.

Aslaug ta gyara ɗankwali ta matso gaba. "Jama'a, ina da shawara. Aikin mutum ɗaya ne, kun ji da kunnenku. Ina ganin a sa wa lambun sunansa."

"A'a, a'a!" Oddvar ya ɗaga hannu biyu. "Ni ban so ba! A sa na gari!"

Wannan karon har zuciyarsa yake nufi, amma ba a ja da jama'a. Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, har da na wakilin gunduma da ba shi da ƙuri'a. Mai fenti ya tsoma buroshi ya rubuta da manyan baƙaƙe: LAMBUN ODDVAR MOEN. Makaɗa suka saki kiɗa, muka yi tafi har tafinmu ya yi zafi.

Allon yana nan a bakin tsakuwa da busassun sanduna. Duk shekara Oddvar yana miƙewa a taron gari ya kawo shawarar a cire shi, duk shekara muna ƙi, saboda girmamawa. Da bazara ma mukan kira gayya mu sake masa fenti, don kada baƙo ya sha wahalar karantawa.